Yakubu: Sunan Da Ya Ƙi Zaɓen Ɓangare

Hausawa na cewa suna linzami ne. A wannan mako filin namu zai tsaya a kan suna guda ɗaya tak, wanda da wuya a shiga wata unguwa a Arewacin ƙasar nan a kira shi ba a sami mai amsawa ba, watau Yakubu. Za mu duba ma'anarsa, da inda ya samo asali, da hanyoyin da ya biyo har ya iso gare mu, sa'an nan mu faɗi dalilin da ya sa muke ganin bai kamata a bari ya suɓuce mana ba.

Wanda duk ke son ya ga ƙarfin wannan suna a yau, to, ya je Nyanya, a bakin iyakar Birnin Tarayya da Jihar Nasarawa. Asalin wurin ƙasar Gbagyi ce. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙirƙiro sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, sai aka gina wa leburori da magina da ƙananan ma'aikata barikin kwana a can, don su riƙa sammako suna tafiya aikin ginin Abuja. Da hedkwatar ƙasa ta taso daga Ikko a watan Disamba na 1991, sai jama'a suka yi ta kwararowa, har Nyanya ta haɗe da Karu da Mararaba, ba ka gane inda wannan ta ƙare wancan ta soma. A irin wannan matattara, in aka ɗaga murya a tasha aka ce "Yakubu!", waɗanda za su waiwayo sun haɗa da Bakano mai shayi, da mutumin Kagoro, da na Pankshin, da Banufe, da Igala, da mutumin Tangale. Wani ran Juma'a yake saka manyan kayansa, wani kuwa ran Lahadi. Sunan bai gaya maka ko wanne ne wanne ba, kuma a nan darajarsa take.

Asalin Sunan Da Ma'anarsa

Yakubu suna ne na Ibrananci, harshen Bani Isra'ila, inda ake furta shi Ya'aƙob. Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, kuma dukansu biyu suna gina kalmominsu a kan saiwa mai baƙaƙe uku. Saiwar wannan suna ita ce ainun da ƙaf da ba, wadda daga cikinta aka sami kalmar aƙeb, watau diddige ko dunduniya.

Littafin Farawa, na fari a cikin Attaura, ya ba da labari a sura ta 25 cewa Rifkatu, matar Annabi Ishaku, ta haifi tagwaye. Na farin shi ne Isuwa. Na biyun kuwa ya fito yana riƙe da diddigen wansa, saboda haka aka raɗa masa suna Yakubu, ma'ana mai bin diddige. Malaman tarihi na Musulunci, kamar Ibn Kasir, su ma sun kawo wannan labari a cikin ƙissoshin annabawa, suna jingina shi ga Ma'abota Littafi.

Wannan irin raɗin suna ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, gama mu ma mukan dubi yadda yaro ya zo duniya mu laƙaba masa suna. Wanda ya biyo bayan tagwaye shi ne Gambo, namijin da ya biyo bayan 'yan mata shi ne Tanko, mai yatsa shida shi ne Cindo, na ƙarshe kuma Auta. Yarbawa ma suna kiran na biyun tagwaye Kehinde, watau wanda ya zo daga baya, har suna cewa shi ne babba, shi ya aiki ɗan'uwansa ya fara leƙo duniya.

Amma fa bin diddige iri biyu ne. Akwai mai bin bayanka don ya taɗe ka, akwai kuma mai bin bayanka don ya tsare ka. A sura ta 27 ta Littafin Farawa, Isuwa ya fassara sunan ƙanensa da ma'anar farko sa'ad da ransa ya ɓaci a kan maganar gadon albarka. Masu binciken kayan tarihi kuwa sun gano abin da ke ƙarfafa ma'ana ta biyu. A kan allunan yumɓu na ƙasar Mesofotamiya, inda Iraƙi da wani yanki na Siriya suke a yau, waɗanda aka rubuta kimanin shekara 1,800 kafin haihuwar Annabi Isa, an sami cikakken sunan a matsayin Ya'aƙub-El. Kalmar El tana nufin Allah. A Masar ma an sami hatimai masu ɗauke da sunan wani mai mulki da ake kira Yaƙub-Har. Saboda haka masana da yawa suka tafi a kan cewa asalin sunan addu'a ce, wadda Bahaushe zai fassara da "Allah ya tsare masa baya". Ke nan duk uban da ya raɗa wa ɗansa Yakubu, ya yi masa wata addu'a da ta kusa shekara 4,000 ana yin ta.

Wannan saiwa tana nan a Larabci. Daga cikinta aka sami aƙiba, watau ƙarshen al'amari, da uƙuba, kalmar da muka ara muke faɗa kullum, watau azabar da ke bin diddigen laifi. Haka nan a cikin sunayen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai Al-Aƙib, wanda ya zo a ƙarshe, babu wani annabi a bayansa. Duk da wannan dangantaka, malaman nahawu suna lissafa Ya'aƙub a cikin sunayen ajami, shi ya sa ba a yi masa tanwini.

Matsayinsa A Littattafai

An ambaci Annabi Yakubu, alaihissalamu, da sunansa sau 16 a cikin Alƙur'ani mai girma. A Suratu Hudu an nuna cewa mala'iku sun yi wa matar Annabi Ibrahim bushara da Ishaku, da kuma Yakubu a bayan Ishaku, watau an ambaci jika tun ba a haifi ubansa ba. A Suratul Baƙara an kawo wasiyyarsa ga 'ya'yansa yana kan gargara, inda bai tambaye su dukiya ko garke ba, sai wanda za su bauta wa a bayansa. A Suratu Yusuf kuwa aka nuna shi uba mai kyakkyawan haƙuri, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, amma bai ɗebe ƙauna daga rahamar Ubangiji ba, kuma bai kori 'ya'yan da suka cuce shi ba. Ga Kirista kuma shi ne na uku a jerin kakannin bangaskiya, bayan Ibrahim da Ishaku, mahaifin 'ya'ya 12 da kabilun Isra'ila suka fito daga tsatsonsu.

A nan ya kamata mu kau da wani ruɗani. Wasu da zarar sun ji an ce suna na Ibrananci ne, sai hankalinsu ya tafi ga rigimar Gabas ta Tsakiya. To, ƙasar Isra'ila ta yau a 1948 aka kafa ta, sunan Yakubu kuwa ya girme ta da dubban shekaru. Falasɗinawa kansu, Musulminsu da Kiristansu, suna raɗa wa 'ya'yansu Ya'aƙub, kuma kabarin da ake jingina wa Annabi Yakubu yana birnin Al-Khalil, a cikin harabar Masallacin Ibrahim. Manyan malaman Musulunci sun amsa wannan suna, alal misali Abu Yusuf Ya'aƙub, almajirin Imam Abu Hanifa kuma alƙalin alƙalai na Halifa Haruna Rashid, wanda ya rasu a shekara ta 798.

Yadda Ya Shigo Ƙasar Hausa

Ta ƙofa biyu sunan ya shigo mana. Ta farko ita ce ta malamai da fatake. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci a ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, kuma a cikin sunayen mutanensa da aka lissafa akwai Yakubu. Kafin a cika shekara 100 sunan ya hau gadon sarauta, gama Yakubu ɗan Abdullahi Burja ya sarauci Kano daga 1452 zuwa 1463. A zamaninsa ne Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, gishirin Azbin kuma ya yawaita a ƙasar Hausa. Shi ne mahaifin Muhammadu Rumfa.

A Gobir, wanda ya gaji Bawa Jangwarzo a ƙarshen ƙarni na 18 sunansa Yakuba. Da jihadi ya zo, Malam Yakubu ɗan Dadi, mutumin Gerawa, wanda ya yi karatu a wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓi tuta ya kafa birnin Bauci a 1809. Shi ne ya tare rundunar Shehun Barno Al-Kanemi wajen 1827 sa'ad da ta doshi Kano, ya kuma yi sarauta har rasuwarsa a 1845. Sunansa ya shahara har Turawa masu yawon bincike suka riƙa rubuta garin a taswirarsu da sunan Yakoba. Shekara 4 bayan rasuwarsa, a 1849, wani Yakubun ya tashi a yamma, watau Yakubu Nabame na Kabi, wanda ya ɗaga tutar tawaye ga Sakkwato daga Argungu. Ku duba fa: Yakubu ne ya tsare daular, Yakubu ne kuma ya yaƙe ta. Tun a wancan zamani sunan bai zama mallakar ɓangare guda ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta mishan. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a Zariya tun farkon ƙarni na 20, kafin a mai da mishan ɗin Wusasa, kuma shi da abokan aikinsa suka yi ta fama da fassara har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Masu fassarar nan sun yi wani abin hikima. Ba su ɗauko sunayen annabawa daga bakin Ingilishi ba, sai suka ɗauki waɗanda suka tarar a bakin Hausawa: Ibrahim, Ishaku, Yakubu, Yusufu, Musa, Haruna, Dauda, Ayuba, Iliya, Zakariya, Saratu da Maryamu. Da yake da Hausa aka yi wa'azi a Filato da kudancin Zariya da kudancin Bauci da Adamawa, sai waɗanda suka karɓi addinin Kirista a waɗannan wurare suka riƙa zaɓar wa 'ya'yansu suna daga wannan fassara. Ta haka ɗan limami da ɗan fasto suka zama takwarori.

Misalin da kowa ya sani shi ne Janar Yakubu Gowon, wanda aka haifa a 1934, ɗan mai wa'azin bishara daga ƙabilar Ngas, ya tashi a Wusasa, ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Ma'aikacin da ya taso daga Nyanya ya haura tudun Kugbo ya shiga Asokoro, zai tarar da titin da aka sa wa sunansa, inda aka gina sakatariyar ƙungiyar ECOWAS wadda aka kafa a 1975 yana kan mulki. A unguwar dai akwai titin Janar Theophilus Yakubu Danjuma, mutumin Takum. A shekara ta 2015 kuma Jihar Bauci ta ba ƙasa Yakubu biyu a lokaci guda: Yakubu Dogara, Kirista daga Bogoro, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai har zuwa 2019, Farfesa Mahmood Yakubu, Musulmi, ya zama shugaban hukumar zaɓe har zuwa 2025. Sunan ya ma ƙetare Kwara, gama ɗan ƙwallon nan Yakubu Aiyegbeni a Benin aka haife shi, kuma abin sha'awa, a ƙungiyar Maccabi Haifa ta Isra'ila duniya ta fara saninsa a 2002. Sai ka ce sunan ne ya kai ziyara garin kakanninsa sanye da rigar Hausa.

Farin Jininsa A Duniya

Kowace al'umma ta karɓi sunan nan ta lanƙwasa shi daidai bakinta. Girkawa suka ce Yakobos, Rumawa suka ce Yakobus, daga nan ya rabu biyu a Ingilishi, ya zama Jacob da kuma James. Faransawa suna cewa Jacques, mutanen Italiya Giacomo, makwabtanmu na Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suna rubuta Yacouba. Shi ya sa wasiƙar da Turawa ke kira ta James a Sabon Alkawari, a fassarar Hausa ake kiranta ta Yakubu. Gwamna-Janar na ƙarshe na Turawan mulkin mallaka a Nijeriya, Sir James Robertson, wanda ya riƙe muƙamin daga 1955 zuwa 1960, shi ma Yakubu ne, haka nan Jimmy Carter, shugaban Amurka da ya kawo ziyara Ikko a 1978, ɗaya daga cikin shugabannin Amurka 6 masu suna James.

Gwamnatin Amurka tana fitar da jerin sunayen jarirai kowace shekara. Bisa ga wannan jeri, Jacob ne ya fi kowane sunan ɗa namiji farin jini shekara 14 a jere, daga 1999 zuwa 2012. Wanda ya ture shi a 2013 kuwa shi ne Noah, watau Nuhu. In aka haɗa lissafin shekara 100, James ne ke kan gaba, da maza fiye da miliyan 4.

Abin Da Ke Damunmu

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Duk mai lura da katunan gayyatar suna da rajistar makarantu a garuruwa irin su Nyanya zai ga wani sauyi yana tafe a hankali. Jikan Yakubu na coci ya koma Jacob, ɗan Dauda ya koma David, Ishaku ya koma Isaac. A ɗaya gefen kuma jikan Yakubu na masallaci ya koma Ya'qub, Dauda ya koma Dawud, Isiyaku ya koma Ishaq. Kowa yana da hujjarsa. Wannan yana ganin lafazin Alƙur'ani ya fi inganci, wancan yana ganin na Turanci ya fi shiga a ofis da ƙasashen waje. Ba mu ce wani ya yi laifi ba, gama zaɓen suna mai kyau haƙƙin ɗa ne a kan mahaifinsa, kuma babu mai yi wa uba dole a ranar suna. Amma in kowa ya ja nasa gefen, filin da ke tsakiya, inda muke haɗuwa, shi ne zai ƙuntace. Sunan da a da yake rufa wa mai shi asiri, sai ya koma tambari a goshi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da ta ga rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 da 2008 da 2010, inda aka sha ba da labarin tare matafiya a hanya ana tambayarsu suna, rai ya dogara a kan amsar. Ko a lokacin zaman lafiya, mai neman hayar ɗaki ko aikin gadi ya san akwai masu fara auna sunansa kafin su dubi halinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Suna irin Yakubu, da Musa, da Haruna, da Ayuba, da Yusufu, da Saratu, suna daga cikin yaɓen da ya riƙe bangon nan, domin suna tilasta wa mai son rarrabewa ya dakata ya dubi mutum tukuna.

Mutanen Nyanya sun san abin da muke faɗi fiye da kowa. Ran 14 ga Afrilu, 2014, da sassafe, bom ya tashi a tashar motar garin lokacin da ma'aikata ke rububin shiga mota, ya hallaka mutum fiye da 70, kuma Boko Haram ta ce ita ta yi. Ran 1 ga Mayu na shekarar wani ya sake tashi kusa da wurin. Wutar ba ta tambayi kowa sunansa ba, ba ta kuma tambayi inda yake ibada ba. Waɗanda suka ɗauki masu rauni zuwa asibiti, da waɗanda suka je ba da jini, su ma ba su tambaya ba. Talakan da ya kwana a Nyanya ya tashi da asuba yana neman abin sa wa a baka, wahalarsa ɗaya ce da ta makwabcinsa, motarsu ɗaya, cunkoson hanyarsu ɗaya, sau da yawa kuma sunansu ɗaya.

Labarin mai sunan na asali ma da sulhu ya ƙare. Littafin Farawa ya nuna cewa bayan shekara 20 Yakubu yana gudun hijira saboda tsoron Isuwa, da suka sadu sai wan ya rungume ƙanen suka yi kuka. Alƙur'ani kuma ya rufe ƙissar Yusufu da haɗuwar iyalin Yakubu a Masar, an yafe wa masu laifi, uba ya yi alkawarin nema musu gafara.

Shawararmu ga iyaye ita ce, in Allah ya ba ku ƙaruwa, aka zo daren shawarar suna kafin a yanka rago a raba goro, ko kafin a kai jariri coci, kuka ga kuna son sunan wannan annabi, to, ku tuna cewa lafazin da kakanninku suka gada tun zamanin Wangarawa bai gaza ba. Shekara fiye da 600 ke nan yana bakinmu, sarakuna sun amsa shi, malamai sun amsa, manoma da sojoji sun amsa. Ga malamai da fastoci kuma, ya kamata a riƙa gaya wa jama'a ma'anar waɗannan sunaye da inda suka fito, don yaro ya tashi da sanin cewa takwaransa na ɗaya gefen titi kakan suna ɗaya gare su. Ga masu ba da aiki da masu gidajen haya, ku bar auna mutum da sunansa, gama hali shi ne mutum.

Allah ya raya mana zuriya, ya tsare mana gaba da baya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai wani mako in Allah ya kai mu.